Daga Tui zuwa Valença, mahauci ya sake suna

Tsakanin garin Tui na yankin Galisiya a ƙasar Sifaniya da garin Valença na Fotugal, kogin Minho ne kawai ya gitta. Gadar ƙarfe da aka buɗe a 1886 ta haɗa su, kuma mai tafiya a ƙafa zai gama da ita cikin 'yan mintoci. In ka tsallaka, agogonka zai koma baya da awa ɗaya, amma bakin mutane ba ya sakewa can sosai. Tsohuwa daga ƙauyen Tui da tsohuwa daga ƙauyen Valença za su yi cinikin kaza har su yi tayi da albarka ba tare da tafinta ba.

Sai dai in cefanen nama ne ya fito da kai, allon da ke saman ƙofar shago zai gaya maka ka sake ƙasa. A Tui za ka ga an rubuta Carnicería ko Carnizaría, kuma mai wuƙa a hannu a bayan kanta shi ne carniceiro. A Valença kuwa Talho za ka gani, mai shagon ana ce masa talhante. Na bakin iyaka ya saba da maƙwabta, in ka kira shi carniceiro murmushi zai yi ya miƙo maka tsokarka. A Lizbon kuwa kalmar tana da wari, tana iya sauka a kunne kamar ka ce wa mutum mara imani. In kuma ka hau jirgi ka sauka a Salvador ko Recife a Barazil, inda harshen dai Fotugis ne, ba ko ɗaya daga cikin biyun a allo. Can açougue ake zuwa sayen nama, a hannun açougueiro.

To me ya raba sunayen nan? Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce, ai Galisiya ta daɗe a hannun Sifaniya, to ta ari carnicero na Sifaniyanci ta ɗan gyara masa wutsiya, Fotugal kuma ta riƙe na gado. Amsar tana da daɗin faɗa, kuma har a cikin Galisiya akwai masu faɗarta da zuciya ɗaya. Ni dai ban yarda da ita ba, domin tsoffin takardun ƙasashen biyu ba su goyi bayanta ba.

Harshen Galisiya da na Fotugal ɗan asali ɗaya ne. Latin ɗin da ake yi a kusurwar arewa maso yammacin tsibirin Iberiya ne ya rikiɗe ya zama harshe guda a gaɓa biyu na kogin Minho. Da Fotugal ta ɓalle ta zama masarauta, Sarkin Leon ya amince da hakan a Zamora a 1143, sai ta yi ta gangarawa kudu tana karɓe garuruwa daga hannun Musulmi: Lizbon a 1147, Faro a 1249. Harshen ya bi sojoji da manoma zuwa kudu, ya zauna a fada, ya sami malamai da nahawu da jiragen ruwa. Wanda ya rage a arewa kuwa ya faɗa ƙarƙashin sarautar Kastila. Daga ƙarni na 16 zuwa na 18 kusan an daina rubuta shi, lokacin da su kansu suke kira Séculos Escuros, wato ƙarnukan duhu. Ya zama harshen gona da kwale-kwale da murhu, Sifaniyanci kuma ya zama na alƙali da limamin coci da makaranta.

Kafin wannan rabuwa ta yi nisa, kalmar mahauci a gaɓa biyun ɗaya ce: carniceiro. Haka take a takardun majalisun garuruwan Fotugal na tsakiyar zamani, inda ake tsara wa carniceiros farashi da ranakun yanka, haka kuma take a takardun Galisiya. Gininta a fili yake. Carne shi ne nama, daga Latin caro. Daga nan aka sami carniça, wato naman da aka yanka, sai aka liƙa mata ɗafin -eiro mai nuna ma'abocin sana'a, kamar yadda Hausa ke sa ma- a gaba ta mai da fawa mahauci, ƙira maƙeri. Ɗafin nan kansa tambarin harshen ne, inda Basifaniye zai ce herrero da zapatero, su ferreiro da zapateiro ko sapateiro suke cewa. Amma a yi hattara, ɗafin shi kaɗai ba hujja ba ne, domin ba abin da ya fi sauƙi irin a ɗauko kalmar Sifaniyanci a sa mata -eiro ta yi kama da 'yar gida. Hujjar ita ce shekarun takardun. Kalmar tana nan a rubuce a Fotugal tun lokacin da babu wani Sifaniyanci da ke danne kowa a can.

Ke nan tambayar ta juya. Galisiya ba ta sake komai ba, Fotugal ce ta bar kalmar ta zame mata. Me ya sa?

Uwar kalmar ce ta fara lalacewa. Carniça a Fotugis na yau mushe ne, abin da ungulu ke kewayawa a sama dominsa. Ɗan Barazil in ya ce wuri na warin carniça, to a toshe hanci. Da uwa ta zama mushe, ɗanta ba zai tsira ba. Carniceiro ya koma sifar dabba mai cin nama, sannan sifar mutum mai son zub da jini. Klaus Barbie, shugaban 'yan sandan ciki na Nazi a birnin Lyon na Faransa a yaƙin duniya na biyu, da laƙabin o Carniceiro de Lyon jaridun Fotugis suka san shi. Likitan fiɗa da bai iya aiki ba, shi ma carniceiro ne, haka ɗan ƙwallon da ke neman ƙafar abokin karawa fiye da ƙwallo. Ba mai sana'ar da zai so ya rataya wannan a ƙofar shagonsa. Ƙamus ɗin Fotugis har gobe yana kawo ma'anar mai sayar da nama a ƙarƙashin kalmar, amma titi ya riga ya yanke nasa hukuncin.

Wadda ta fi ba ni sha'awa cikin ukun ita ce ta Barazil, domin 'yar uwarmu ce ta jini. Açougue, da ake furtawa kusan kamar "asogi" domin c mai wutsiya s ne, Larabci ce tsantsa: as-suƙ, wato kasuwa. Duk wanda ya zauna a Islamiyya ya san haruffan shamsiyya, inda lam ɗin al- ke narkewa cikin harafin da ke binsa. Mutanen Iberiya da kunne suka ɗauki kalmomin Larabci, ba daga littafi ba, saboda haka suka haɗiye su da al- ɗinsu yadda aka furta: as-sukkar ya zama açúcar, az-zait ya zama azeite, ar-ruzz ya zama arroz. Mu ma haka muka yi da asuba da azahar da Asabar da arziki da annabi. Ita kuwa suƙ ta zo mana ta wata hanya. Masanin harsuna Joseph Greenberg ya nuna a 1960 cewa kasuwa ta shigo Hausa daga kasugu na Barebari, wanda shi kuma suƙ ne aka sa masa ɗafin ka- na Kanuri. In haka ne, to mai cefane a Kurmi da mai cefane a açougue na São Paulo kalma ɗaya suke furtawa, ɗaya ta biyo hanyar Borno, ɗaya ta biyo Andalus ta ƙetare Atlantika.

To yaya aka yi kasuwa sukutum ta tsuke ta zama rumfar mahauta? A Fotugal ta tsakiyar zamani açougue kasuwa ce ta yau da kullum, mai rufi, a tsakiyar gari, inda ake sai da nama da kifi da kayan miya. Akwai açougue na kifi, akwai na nama, har harajin da ake biya kan kayan da aka kasa a ciki açougagem ake ce masa. Amma a cikin duk kayan, nama ne hukuma ta fi sa wa ido. Mai kabeji na iya tallansa gida gida, mai ƙwai na iya zama a bakin ƙofa, nama kuwa dole a wuri ɗaya, domin a karɓi haraji, a duba ma'auni, a tabbata ba mushe aka kawo ba. Majalisar gari kan yi gwanjon kwangilar nama, wanda ya ci ya ɗauki alkawarin wadata garin tsawon shekara a kan farashin da aka yanke. A hankali sauran kaya suka watsu zuwa dandali da shaguna suka ɗauki wasu sunaye, praça da mercado da feira, nama ya rage shi kaɗai a tsohon gini, ya gaje sunan. Ba Fotugal kaɗai wannan ya faru ba. Macellum a Latin kasuwar kayan abinci ce, yau a Italiya macello mayanka ce, macellaio kuma mahauci.

Jami'in da ke tsaye a kan wannan tsari sunansa almotacé, wato al-muhtasib, mai aikin hisba. Bakano ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Sarakunan Kirista sun kori mulkin Musulmi amma sun riƙe muƙamin da sunansa, domin gari ba ya zama ba mai duba mudu. Kundin dokokin Fotugal da ya fara aiki a 1603, Ordenações Filipinas, ya ɗora wa almotacé zuwa açougue tun da safe ya tsaya a raba nama, mai kuɗi ya samu, talaka ma ya samu. Ma'aunin da yake dubawa ma na Larabawa ne. Arrátel shi ne ar-ratl, giram 459. Arroba ita ce ar-rub', rubu'in babban ma'auni, kuma har yau da ita ake faɗin farashin sa a Barazil, an daidaita ta a kilo 15. Alamar nan ta @ da muke sawa a adireshin imel, arroba suke kiranta. In ka shiga cikin shagon ma, Larabcin bai ƙare ba: alcatra, naman ƙugu, daga kalmar da ke nufin yanki take, almôndega kuma, dunƙulen niƙaƙƙen nama, daga al-bunduƙa ne, ƙaramin curi, tushen da ya haifa mana bindiga.

Wanda yake son ganin açougue na da da idonsa, ya je Évora a kudancin Fotugal. A kan tudu a tsakiyar birnin akwai wani ɗakin bauta na Rumawa na ƙarni na farko, ginshiƙai 14 na dutse suna tsaye a kan dakali mai tsawo, kawunansu na marmara an sassaƙa musu ganye. 'Yan yawon buɗe ido kan ɗauki hoto a gabansa da yamma, ana ce masa ɗakin Diana, wata abar bautar Rumawa, ko da yake masana sun ce wannan suna ƙari ne na baya. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne, daga ƙarni na 14 har 1836 wurin nan açougue ne. An cike tsakanin ginshiƙan da bango, an yi rufi, aka rataye ƙugiyoyi, mahauta suka yi ta datsa ƙashi a inda a da ake ƙona turare wa sarkin Rum. Sai a wajajen 1870 aka rushe bangon aka fito da ginshiƙan fili. Kuma wannan bango na mahauta shi ya tallafe su shekara ɗari biyar. Da wurin ya zauna kufai, da tuni maƙwabta sun kwashe duwatsun sun yi harsashin gida, kamar yadda aka yi wa sauran gine-ginen Rumawa.

Wannan tsari dukansa, da açougue da almotacé da arroba, shi aka loda a jirgi aka kai Barazil bayan 1500. Kowane sabon gari da aka kafa yana da majalisarsa, kowace majalisa tana da açougue ɗinta, wani lokaci a ƙasan ginin majalisar daura da kurkuku. Da Barazil ta sami 'yanci a 1822, ta riga ta yi ƙarni uku tana faɗin kalmar, ba kuma wani dalilin da zai sa ta bi Lizbon in Lizbon ta sake baki. Mutane kan ɗauka cewa 'yar da aka aurar nesa ita ke ɓata harshen gida, alhali sau da yawa ita ce ke ajiye tsohon kwano. Ƙidayar 2022 ta ba Barazil mutum miliyan 203, Fotugal kuwa miliyan 10 da 'yan kai ne, Galisiya ba ta cika miliyan 3 ba. Ta fuskar yawan bakuna, kalmar Larabcin nan da Fotugal ta ajiye ita ce ta yi rinjaye nesa ba kusa ba.

Talho kuwa, da ake furtawa kusan "talyu", daga aikatau talhar yake, yankawa ko datsawa, daga Latin na ƙarshe taliare. Tushen nan ne ya ba Faransanci tailleur, Ingilishi ya ara ya ce tailor, mu kuma muka karɓa muka ce tela. Mai yanka yadi da mai yanka nama, ashe dangi ne a baki. Asalin talho shi ne yankan kansa, sannan kututturen itacen da ake ɗora nama a sara. Ka san irinsa a kowace mahauta: gungume mai kauri, tsakiyarsa ta lotsa saboda sara, gefensa ya yi baƙi da kitse, ana kankare shi da bayan wuƙa in an tashi. A cikin babban açougue na gari akwai irin waɗannan da yawa, kowane mai yanka da nasa talho. Takardun Barazil na zamanin mulkin mallaka ma suna ambaton talhos a wannan ma'ana, rumfa ɗaya a cikin babban gini.

Yadda nake karanta abin, ƙarni na 19 ne ya raba gardama. Likitoci da hukumomin birane a Turai suka dage a fitar da yanka daga tsakiyar gari, aka gina mayankar gwamnati a gefe, wadda suke kira matadouro. Tsarin kwangila ɗaya tilo ya rushe, kowa ya iya buɗe shagonsa a unguwa. Babban ginin ya mutu, rumfunan suka watsu a tituna, kowace ta tafi da sunan kututturenta. Talho ba ya tuna wa kowa jini ko kukan dabba, aikin hannu kawai yake nunawa, mai tsabta, na ma'auni da takardar naɗewa. Akwai wata shaida daga nahiyarmu. A Luanda da Maputo talho ake cewa. Angola da Mozambik sun zauna a hannun Fotugal har 1975, kuma yawancin Turawan da suka zauna a biranensu a ƙarshen ƙarni na 19 da cikin na 20 suka je, lokacin da sabuwar kalmar ta riga ta ci kasuwa a gida. Barazil ta ɗebi ruwa tun rijiyar na da tsohon ɗanɗano, su kuma suka ɗiba bayan ta sake. A Fotugal kanta açougue ta rage a allunan tsoffin tituna da littattafan tarihi.

Mu koma arewacin kogi. Za a iya cewa Galisiya ba ta san suƙ ba domin Musulmi ba su zauna can ba. Gaskiya ne zamansu bai yi tsawo ba. Sun shiga Iberiya a 711, amma kusurwar nan mai ruwan sama da duwatsu ta fita hannunsu tun cikin ƙarni na 8, abin da ya biyo baya hare-hare ne, irin wanda Almansur, jagoran Musulmin Andalus, ya kai Santiago de Compostela a 997. Duk da haka kalma ba ta jiran soja, fatake ke kai ta. A garin Betanzos kusa da A Coruña akwai coci na ƙarni na 14 da basarake Fernán Pérez de Andrade ya sa aka gina, sunansa Santa María do Azougue, wato Maryamu ta bakin kasuwa, domin a gefensa kasuwar garin take ci. Ashe kalmar ta iso, kuma ta iso da ma'anarta ta farko. Haka a Sifaniya, dandalin da ke ƙarƙashin doguwar gadar ruwa ta Rumawa a Segovia sunansa Azoguejo, 'yar kasuwa, babban dandalin Toledo kuma Zocodover, daga suƙ ad-dawabb, kasuwar dabbobi, abin da mu za mu ce kara.

Wani haɗari na furuci ya taimaka wajen kashe ta a arewa. Akwai wata kalmar Larabci dabam, az-za'uƙ, sunan ruwan ƙarfen nan mai sheƙi da ke cikin ma'aunin zafin jiki. Fotugis ya raba su da sauti: açougue da s kasuwar nama, azougue da z ruwan ƙarfe. Harshen Galisiya kuwa, kamar Sifaniyanci, ya rasa bambancin waɗannan sautuka biyu, kalmomin suka faɗa rami ɗaya. Yau in ka ce azougue a Galisiya, ruwan ƙarfe za a fahimta, ko yaron da ba ya zama wuri ɗaya. Talho ma yana nan a can, da rubutun tallo, amma bai bar tsakar gida ba. Gungumen sara ne, ko 'yar kujerar tsuguno ta katako da ake ja kusa da murhu. Dukan kalmomin uku Galisiya tana da su, aikin da ta ba kowace ne ya bambanta.

Akwai kuma wani mai wuƙa da ƙauyen Galisiya ya fi sani fiye da mai shago, shi ne matachín, wanda ake kira gida in sanyi ya shigo a yanka aladen shekara. Daga ranar waliyyin Kirista San Martiño, 11 ga Nuwamba, lokacin ke buɗewa, har suna da karin magana cewa kowane alade San Martiñonsa na zuwa. Gida da yawa a da naman gishiri na wannan yanka suke ci har shekara ta zagayo, saboda haka shagon nama abin birni ne, birni kuwa shi ne inda Sifaniyanci ya fi ƙarfi. A nan ne masu zargin aro suke da 'yar gaskiya. Sifaniyanci bai kawo carniceiro ba, amma ya tsare ta. Tunda carnicero a bakin alƙali da ma'aikacin haraji kalma ce ta yau da kullum ba zagi ba, 'yar uwarta ta Galisiya ta sami inuwar da ta Lizbon ba ta samu ba.

Duk wannan da zai zauna hirar malaman ƙamus, ba don siyasa ta shigo ba. Bayan mutuwar Franco, mai mulkin kama-karya na Sifaniya, Galisiya ta sami dokar cin gashin kai a 1981, harshenta ya zama na hukuma tare da Sifaniyanci, sai tambaya ta taso: da wane rubutu? Real Academia Galega, hukumar kula da harshen Galisiya wadda aka kafa a 1906, tare da cibiyar nazarin harshen ta Jami'ar Santiago, suka fitar da ƙa'idoji a 1982 da suka ɗauki harshen a matsayin mai zaman kansa, da haruffa irin na Sifaniyanci, ll da ñ. A ɗaya gefen akwai masu cewa harshen reshe ne na Fotugis, a rubuta shi da lh da nh da ç, su ne ƙungiyar AGAL da aka kafa a 1981, da malamai irin su Ricardo Carvalho Calero. Ga waɗannan, duk kalmar da ta yi kama da ta Madrid abar tuhuma ce, shi ya sa wasunsu suka fi son rubuta talho. Rigimar ta sauka har kan wutsiyar kalma. Ɗafin -aría shi ne tsohon na gida, wanda Fotugis ke amfani da shi a padaria da livraria, -ería kuma shi ya yi daidai da na Sifaniyanci kuma shi ya fi yawa a bakin jama'a. Gyaran ƙa'idoji na 2003 ya bar biyun amma ya fifita -aría. Shi ya sa a titi ɗaya za ka ga Carnicería a wannan shago, Carnizaría a na gaba, kuma mai karatu ɗan gari yakan hango ra'ayin mai shagon, ko na wanda ya rubuta masa allon, daga harafi biyu.

Ina ganin masu son kusanci da Fotugis suna da hujja mai ƙarfi a babban zance. Harshen mutum ƙasa da miliyan uku da matasan birni ke saki yana buƙatar jingina da babban ɗan uwa, majalisar Galisiya ma ta yarda da hakan da ta zartar da dokar Paz-Andrade a 2014 ba hamayya, don ƙarfafa koyar da Fotugis. Amma a kan wannan kalma sun yi tuya sun manta albasa. Wanda ya cire carniceiro ya sa talhante da sunan komawa asali, ya jefar da kalmar da kakannin Lizbon da na Tui suka yi tarayya a kanta, ya ɗauko wadda ta zo daga baya. Sannan wane Fotugis ɗin za a jingina da shi? In yawa ake bi, açougueiro ya kamata a ɗauka.

Shi ma açougueiro ɗin bai tsira ba, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A Barazil likitan haƙori mai mugun hannu açougueiro ne, asibitin da ake shiga da ƙafa a fito a kwance açougue ne. Magarefe, sunan mai yanka da fiɗa a mayanka, shi ma ya daɗe da zama zagi. Shagunan unguwannin masu hali a São Paulo da Rio tuni suka fara gudun tsohon sunan, suna rubuta casa de carnes, gidan nama, wasu har boutique de carnes. Ƙyamar tsohuwa ce. A 1783 Sarki Carlos na Uku na Sifaniya ya fitar da doka cewa sana'ar majemi da maƙeri da tela da baduku da kafinta sana'o'i ne na mutunci, ba sa hana mutum riƙe muƙamin gari. An jera waɗannan biyar da suna, sauran aka ce da makamantansu, mahauci bai sami shiga jerin ba. Mu ma mun san zancen. Sarkin Fawa na da rawani da fada, ba biki ko suna da zai yi armashi sai da shi, amma a da ba kowane gida ke ba Rundawa 'ya ba. Bambancin kawai, mu ba mu sake masa suna ba.

Akwai kalma ta huɗu da ba a cika kawo ta cikin gardamar ba, wataƙila don ba ta da tutar kowa. In babban kanti a Porto ko Braga, a arewacin Fotugal, na neman ma'aikacin sashen nama, tallan aikin sau da yawa cortador yake cewa, mai yanka, cikakken sunan sana'ar kuma cortador de carnes verdes, mai yanka koren nama, kore a nan yana nufin ɗanye wanda bai ga gishiri ba. A tsohon garin A Coruña kuwa, kilomita ɗari da wani abu arewa da gadar Tui, cikin lungunan dutse inda titin dukawa da na maƙera suke har yanzu da sunayensu, akwai wani gajeren titi da ake kira Cortaduría.